Na tarar da tsofaffin fastocin finafinan Indiya: yaya zan gane na asali, kuma yaya zan adana su?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Muna kwashe kayan kawunmu, Allah ya jiƙansa, sai muka tarar da fastocin finafinan Indiya guda 23 a ninke a ƙasan adakarsa. Ya yi aikin sayar da tikiti a wani gidan silima a nan Kano shekaru da yawa. Akwai ta Mother India, akwai ta Sholay iri biyu waɗanda zanensu bai yi kama da juna ba, akwai ta Disco Dancer, sauran ban san sunayen finafinan ba. Akwai kuma ƙananan hotuna 9 da aka manna a kan kwali. Wasu an liƙe tsagarsu da salatif, ɗaya gara ta ci gefenta, biyu kuma an rubuta ranar nuna fim da lokaci a jikinsu da Hausa.

Wani ya ce zai saye su duka a dunƙule. Mai yin firam kuma ya ce in kawo ya yi musu laminashin kada su ƙarasa yagewa. Ban amsa wa kowa ba tukuna. Yaya ake gane wadda ta fito tare da fim ɗin da wadda aka buga daga baya? Kuma me zan yi musu kafin su lalace a hannuna?

Malam Habu Maɗaba'a

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawu. Ka yi daidai da ba ka amsa wa kowa ba. Laminashin dai kada ka yarda, roba ce ake narkawa a jikin takarda, ba ta sake fita, kuma fastar da aka yi wa haka babu mai tara kayan tarihi da zai kalle ta.

Fastar fim ɗin Indiya kashi uku ce. Akwai bugun farko, wanda ya fita shekarar da fim ya fita. Akwai bugun maimaici, domin a Indiya fim mai farin jini yakan yi ta komawa silima shekara goma, ashirin, duk dawowa kuma dillalin yankin ya sa a buga sabuwar fasta, sau da yawa da sabon zane. Sai kwafin zamani, wanda aka ɗauki hoton tsohuwa aka buga da inji jiya-jiya. Sholay ɗinka iri biyu ba abin mamaki ba ne: fim ɗin ya fita ranar 15 ga Agusta 1975, ya shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay, an kuma yi ta maimaita shi bayan nan, don haka fastocinsa suna da yawan iri.

Fara da awo. Babbar fasta ta Indiya inci 30 ce a 40, wato kusan santimita 76 a 102. Rabinta inci 20 a 30. In ka ga ta zo daidai da A2 ko A3, ko takardar tana da kauri da sheƙi kamar ta kalanda, to irin hotunan jarumai ne da ake sayarwa a kasuwa ana mannawa a ɗaki, ba kayan silima ba ne.

Daga nan ka bar fuskokin jarumai, ka sunkuya kan ƙananan rubutun da ke can ƙasa da kusurwoyi. Nan gaskiyar take. Za ka ga sunan maɗaba'a da adireshinta, wani lokaci sunan dillali, wani lokaci sa hannun mai zane. Indiya ta fara amfani da lambar gidan waya mai lambobi shida ranar 15 ga Agusta 1972. Kafin nan "Bombay 4" ko "Bombay 7" ake rubutawa, bayan nan "400 004". Saboda haka fastar Mother India, fim ɗin 1957, in tana ɗauke da lambobi shida, ba bugun farko ba ce, magana ta ƙare. Haka sunan gari: Bombay ta koma Mumbai a 1995, Madras ta koma Chennai a 1996, Calcutta ta koma Kolkata a 2001. In akwai alamar hukumar tace finafinai ka duba ta, U (na kowa) da A (na manya) ne kawai tun farko, UA (yara su kalla da kulawar iyaye) sai 1983 aka shigo da ita. Rubutun "Silver Jubilee" yana nufin fim ya riga ya yi mako 25 a silima, "Golden Jubilee" mako 50, ke nan an buga ta bayan fim ya daɗe da fita. Ambaton wata kyauta da fim ya ci ma haka yake.

Amma ka riƙe wannan da kyau: waɗannan alamomi suna iya kore fasta daga zama bugun farko, ba sa iya tabbatar da ita. Maɗaba'u da yawa sun ci gaba da rubuta tsohon adireshi shekaru bayan 1972, kuma mai yin jabu yana kwafe tsohon adireshin tare da komai.

Shi ya sa sai an duba tawada. Ari gilashin da masu gyaran agogo ko waya suke sawa a ido, mai ƙara girma sau 10 ya isa. Kalli fatar fuska a zanen. In ka ga ɗigo-ɗigo na launi huɗu, shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi, sun jeru da tsari suna yin kamar ƙananan furanni, bugun ofset ne, wanda shi ne ya mamaye shekarun 1970 da 1980. In launin shimfiɗe yake kamar an shafa, da ɗan tsaki-tsaki mara tsari irin na alli, kuma wani launi ya ɗan zame ya haura layin ɗan'uwansa, tsohon bugun lito ne, an fi samunsa a fastocin 1950 zuwa 1960 da wani abu. In kuwa ƙananan ɗigo ne birjik kamar an watsa gero babu jeri, injin feshin tawada ne na zamani, kwafi ce.

Wata dabara mai sauƙi: shafa yatsa a kan layin ninki. Masu kwafi sukan ɗauki hoton fastar da ta riga ta ninku, sai farin layin ninkin ya fito a cikin hoton alhali takardar sumul take a wurin. Sannan ka haska ta a duhu da tocilan duba jabun kuɗi. Farar takardar zamani tana ƙyalli shuɗi tangaram saboda sinadarin farantawa, takardar arha da aka buga tsofaffin fastoci a kanta yawanci dushi-dushi take. Masu wayo suna jiƙa sabuwa da ruwan shayi, to sai ka duba bakin wata tsaga: in waje ruwan ƙasa ne ciki fari fat, rini ne. Wadda ta tsufa da kanta har cikinta ta sauya, kuma gefuna da wurin ninki sun fi tsakiya duhu.

Naka da suka fito daga adakar ma'aikacin silima, da wuya a sami kwafin zamani a ciki. Aikinka shi ne raba bugun farko da na maimaici.

Hajiya Ma'ajiya

Ɗana, Allah ya gafarta wa kawunku. Malam Habu ya gama da tantancewa, ni zan yi magana a kan abin da ke kashe su, domin takardar nan tun daga maɗaba'a ba a yi ta don ta daɗe ba. An yi ta ne a manna a bango mako biyu a yage. Niƙaƙƙen itace ne da ba a tace sosai ba, akwai tsami a jikinta, shi ke sa ta yi ja ta riƙa karyewa kamar ƙanzo. Zafi da haske suna hanzarta abin.

Kada ka riƙa buɗewa kana ninkewa don nuna wa mutane. Duk buɗewa ɗaya, mahaɗar ninki tana ƙara hujewa. Kuma kada ka buɗe wadda ta bushe ƙamas da tsakar hunturu, za ta tsage a layin ninki. Takarda tana son ta ɗan sha danshi kafin a miƙar da ita. Sami babban baho mai murfi, shimfiɗa tawul mai laima a ƙasa, ɗora raga ko kwando a kife yadda takardar ba za ta taɓa ruwa ba, sa fastar a kai, rufe. Duba duk rabin awa. Cikin awa ɗaya zuwa uku za ka ji ta yi laushi, sai ka warware ninki ɗaya, ka mayar, ka sake. Kafin ka yi wa waɗanda aka yi wa rubutun hannu haka, taɓa gefen harafi ɗaya da auduga mai ɗan laima, in launi ya biyo audugar to kada ka sa su a bahon, tawadar za ta naso. Bayan ta miƙe, sa ta tsakanin farar takarda mai shan ruwa sama da ƙasa, ɗora gilashi ko shafaffen katako da littattafai a kai. Canja takardun bayan minti 30, ka sake canjawa da yamma, ka bar ta kwana uku. Dutsen guga kada ya kusance ta.

Ƙura kuma burushi mai taushi irin na kwalliya, daga tsakiya zuwa gefe. In ka ga fumfuna, fitar da ita inuwa ta bushe sarai tukuna, ka rufe hancinka, sannan ka share. Goge fumfuna da ɗanyenta yana cusa ta cikin takarda ne.

Salatif shi ne babban ciwo. Wanda ya tsufa har ledarsa tana ɗagowa da kanta, zare ledar a hankali ka bar tabon, tabon ya riga ya shiga takarda. Wanda yake manne da ƙarfi ka bar shi, in ka ja zai tafi da launi. Kada ka zuba masa fetur ko kananzir. Fin na sitefula da ƙusa masu tsatsa kuwa a cire su yau, a miƙe ƙafafun ta baya a zare, ba a fizga ba.

In tsaga tana ci gaba dole sai an tare ta, da kunun sitacin alkama ake yi, domin ko bayan shekaru ɗan danshi yana sake shi. Kwaɓa fulawa ta yi tauri, sa a ƙyalle, ka yi ta matsawa cikin ruwa har farin ya fita ya bar danƙon. Bar ruwan ya kwanta, tsiyaye na sama, farin da ya zauna shi ne sitacin. Cokali 1 na sitaci, cokali 5 na ruwa mai tsabta, a ƙaramin kwano da aka ɗora cikin tukunyar ruwan zafi, kana juyawa minti 20 zuwa 25 har ya yi garai-garai. In ya huce ka tace a ƙyalle, ka sirka da ruwa ya koma kamar madara mai ɗan kauri. A zafinmu kwana biyu yake yi ya yi tsami, don haka kaɗan ake damawa. Abin liƙin siririyar takardar Japan ce da masu gyaran littattafai ke amfani da ita, faɗin santimita 1 zuwa 2, a yage ta da hannu don bakinta ya yi gashi-gashi ya kwanta. Ta baya ake liƙawa, a shafa kunun a jikin siririyar takardar ba a jikin fasta ba, a danne da nauyi har ta bushe. Kunun in ya yi yawa wurin zai tattare. In ba ka sami takardar Japan ba, gara ka bar tsagar yadda take da ka sa gam na kanti ko sitacin wanki.

Ajiya a shimfiɗe ta fi, kowace da farar takarda mara tsami tsakaninta da 'yar'uwarta, kada a tara fiye da goma a jaka ɗaya. Jarida, kwalin taliya da filawud duk suna da tsami, suna rina abin da suka taɓa. Ledar da ke da warin sabuwar roba ma haka, tana manne wa tawada. In babu wurin shimfiɗawa, a naɗe ta a bayan bututu mai faɗin santimita 10 wanda aka fara naɗe shi da farar takarda, ba a cusa ta cikin siririn bututu ba.

Danshin ɗaki tsakanin kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari ake so. Da ya haura 65 ya zauna, kamar yadda yake yi a watan Agusta, fumfuna ta samu gida. Ƙaramin ma'aunin danshi ba shi da tsada. Gara daga ƙasa da bango take zuwa, saboda haka akwatin ƙarfe a kan benci, santimita 15 daga ƙasa, kada ya jingina da bango, kuma ba ɗakin da kwano ke gasawa ba. Wadda aka ci gefenta ka ware ta. In kana zargin akwai ƙwari a ciki, ƙulle ta a leda biyu ka matse iska, firiza kwana 7 a sanyin 18 ƙasa da sifili, amma sai inda wuta ba ta yankewa, in ba haka ba ƙwarin suna farfaɗowa. In ka fitar, kada ka kwance ledar sai ta kwana ta huce, don raɓar ta tsaya a waje.

Wadda kake son gani a bango, ka sa a ɗauki hotonta a buga maka kwafi ka rataya. Rana da fitila mai ƙarfi suna fara cinye ja da rawaya, su bar maka fuska shuɗiya, kuma launin da ya tafi ba ya dawowa.

Ɗan Fagge

Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu. Mother India tana da "400 007" a ƙasa, ke nan maimaici ce. Sholay ɗaya an rubuta 70mm, wato faffaɗan fim na babban allo, kuma duk jaruman suna jere a kai, ɗayar kuwa fuskar Amjad Khan ce ta cinye rabin takardar, launinta uku kacal. Akwai kuma guda biyu da rubutun Larabci ya fi yawa a jikinsu. To waɗanda aka yi wa rubutun Hausa fa, in goge rubutun?

Baban Zara

Kul, ɗan'uwa, kada ka goge. Zan dawo kan wannan.

Abin da ka gani a Sholay ta biyu hali ne na bugun maimaici: launi kaɗan, takarda mafi arha, da kumbura fuskar wanda jama'a suka fi so bayan fim ya yi suna. Haka aka yi wa Amitabh Bachchan, finafinan da ya fito a ƙaramin matsayi kafin Zanjeer ta ɗaga shi a 1973, da aka maimaita su sai ga kansa ya fi na kowa girma. Ta farkon tana da alamar zama ta zagayen farko, amma 70mm kaɗai ba hujja ba ce, bi ta da gwaje-gwajen Malam Habu. Mughal-e-Azam ma mutane suna ruɗewa da ita: fim ɗin 1960 ne, an mayar da shi mai launi gaba ɗaya a 2004, fastocin wannan dawowar daban suke.

Masu rubutun Larabcin ka karanta su da kyau. Fastocin Indiya na da sukan ɗauki sunan fim da rubutu uku: boko, Devanagari (rubutun Hindi) da Urdu. Urdu a karkace yake gangarowa, yana da haruffan da babu a Larabci kamar پ da چ da گ da ے, kuma sunan fim ɗin yake furtawa yadda yake. Sholay ana rubuta ta شعلے, wanda ya yi karatun allo zai ji kalmar Larabci ta harshen wuta a ciki. In kuwa Larabci ne sosai, an fassara sunan fim, sunayen jarumai ma da Larabci, to bugun Masar ko Labanan ne da aka yi wa kasuwar Larabawa. Waɗannan suna da nasu masu nema. Ba abin mamaki ba ne a same su a Kano, tunda 'yan kasuwar Labanan ne suka riƙe harkar silima da shigo da finafinan Indiya a Arewa tun shekarun 1950.

Daraja kuwa abu huɗu ke ɗaga ta: shaharar fim, zaman ta bugun farko, sunan mai zane, da lafiyar takarda. In an ce maka fastar "zanen hannu" ce, ba ana nufin wannan takardar aka zana ba. Mai zane ya yi guda ɗaya da fenti, maɗaba'a ta buga dubbai. Nemi sa hannu a kusurwa. Diwakar Karkare, mai sa hannun Studio Diwakar, shi ya yi Deewaar ta 1975 da Don ta 1978, ana gane aikinsa da kaurin fenti da yake shafawa da wuƙar zane a kan hoto har fuska ta yi kaushi kamar dutse. D. R. Bhosle ya yi Guide ta 1965. Akwai C. Mohan, akwai S. M. Pandit a tsofaffi. Wanda ya ce maka yana da fastar M. F. Husain, shahararren mai zanen Indiya, ka yi hattara: gaskiya ne ya yi zanen tallan finafinai a Bombay tun ƙarshen shekarun 1930, amma manyan allunan ƙyalle ne na bakin titi waɗanda ake shafewa a sake zane a kai.

Hotuna 9 na kan kwali su ne ake jerawa a cikin gilashi a ƙofar silima. Saiti-saiti suke zuwa. In na fim ɗaya ne kada ka raba su, saitin ya fi ɗaiɗai kuɗi nesa ba kusa ba.

Sayarwa a dunƙule asara ce, domin a cikin 23 wataƙila biyu ko uku ne suka fi sauran duka daraja, mai sayen kuma ya sani. Ɗauki hoton kowace gaba da baya da kusurwoyin ƙasa, da tef ɗin awo a gefe. A shafin ciniki na intanet eBay ka duba farashin waɗanda aka riga aka sayar, ba wanda masu kaya suke rubutawa ba. Ɗaya daga cikin sanannun cibiyoyin wannan kasuwa ita ce shagunan titin Mutton a Chor Bazaar ta Mumbai, can ma asali da kwafi a haɗe suke.

Rubutun Hausa kuma, gaskiya ne ɗan Indiya mai neman fasta tsaf zai rage mata kuɗi saboda shi. Amma fastar Sholay ta maimaici akwai ta da yawa a duniya. Wadda ke ɗauke da ranar da aka nuna fim ɗin a Kano da rubutun hannun ma'aikacin silima fa, nawa suka rage? Gidajen da aka manna su yawanci sun rufe ko sun koma wani abu. Ni a ganina waɗannan biyun su ne bai kamata su bar ƙasar nan ba. Indiya tana da ma'adanar finafinanta a Pune tun 1964, mu ma akwai ma'adana a Jos ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Najeriya, ga masu binciken tarihin silima a jami'o'inmu.

Malam Habu Maɗaba'a

Na yarda da Baban Zara a kan rubutun. Ƙari ɗaya: dillalai za su ce maka a kai a manna ta a kan ƙyalle don ta yi ƙwari. Ana yin haka a Turai da Indiya, takardar Japan a tsakiya, ƙyallen auduga a baya, kunun alkama ke riƙe su, kuma yana ceton fastar da ta ragargaje. Amma yana rufe bayan takardar, inda hatimin dillali da rubutun fensir suke, ga shi masu yi sukan cike wurin da ya goge da sabon fenti. Wanda bai ƙware ba kuma gam na kafinta zai sa. Naka da ba su wargaje ba, ka bar su haka.

Kafin ka mayar da su akwati, ba kowace lamba da fensir mai taushi a kusurwar baya, ba biro ba. A littafi daban ka rubuta lambar, sunan fim, awo, abin da ke rubuce a ƙasa harafi da harafi, sunan silimar da kawu ya yi aiki da shekarun da ya yi. Waɗanda ba ka san sunansu ba, ɗoro hoton sunan fim da na kusurwar ƙasa ta dama a nan, a karanta maka.